Bashin kuɗin ciyar da yara da fasfon Amurka: kurakuran da aka fi yi

A Amurka, duk wanda kotu ta ɗora wa kuɗin ciyar da 'ya'yansa bayan rabuwar aure, idan bashin ya haura dala 2,500, gwamnati na iya hana shi fasfo. Dokar ta samo asali daga 1996, lokacin iyakar dala 5,000 ce, aka rage ta a 2006. Hukumar kula da kuɗin yara ta jiha ce ke tura suna zuwa Ma'aikatar Lafiya ta tarayya, ita kuma ta miƙa wa Ma'aikatar Harkokin Waje. 'Yan uwanmu da suka samu takardar zama 'yan ƙasa a can suna shiga wannan matsala, yawanci a daidai lokacin da tafiya ta taso: rasuwa a gida, bikin ƙanwa, ko aikin Hajji.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne kai kuka inda ba a share hawaye. Mutum ya samu wasiƙar ƙin ba shi fasfo, sai ya dinga buga waya ofishin fasfo, yana rantsuwa yana kawo rasit. Su ba su san nawa ake binka ba, ba su kuma da ikon goge sunanka. Jihar da ta kai sunan ita kaɗai ke janye shi. Idan jihohi biyu ke binka, ka ce wata a Meriland wata a Teksas, sai kowacce ta sake ka tukuna.

Na biyu kuma, lissafin wayo. Ana bin mutum dala 3,000, sai ya biya 600 ya ce ai ya sauko ƙasa da iyaka. Ba haka abin yake ba. Dala 2,500 ƙofar shiga ce kawai. Fita kuwa kowace jiha da sharaɗinta. Wata sai ka biya duka, wata za ta karɓi kaso mai tsoka tare da yarjejeniyar biyan sauran wata-wata. Kafin ka tura ko sisi, ka tambayi jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka abin da za su karɓa su sake ka, kuma ya ba ka a rubuce.

Akwai kuskuren da ya fi ba ni tausayi, domin mai shi sau da yawa ba mugu ba ne. Uba ya ba tsohuwar matarsa kuɗi hannu da hannu, ya saya wa yara kayan Sallah, ya biya kuɗin Islamiyya, a ransa ya sauke nauyi. A wurinmu wannan ciyarwa ce. A littafin hukuma kuwa, abin da bai bi ta asusun karɓar kuɗi na jiha ba ana iya ɗaukarsa kyauta, bashin yana nan yana taruwa, a wasu jihohin har da ruwa a kai. Ko dattawan masallaci sun sasanta ku, kun ce kun yafe wa juna, umarnin kotu yana nan daram sai an koma gaban alƙali. Ka biya ta hanyar da aka rubuta a umarnin. Kyauta kuma ka yi ta daban.

Haka ma wanda aikinsa ya tsaya ya yi shiru. Tun 1986 dokar tarayya ta hana alƙali rage bashin da ya riga ya taru. Ragin da za a yi maka ba zai koma baya ya wuce ranar da ka shigar da buƙata ba, don haka ranar da aka sallame ka daga aiki, washegari ka nemi a sake duba adadin.

Sai batun lokaci. Bayan ka biya, cire suna kan ɗauki sati biyu zuwa uku. Wanda ya yanki tikitin Kano ko Jidda na mako mai zuwa yana tunanin zai biya yau ya karɓi fasfo gobe, ya yi asarar tikiti. Ka kuma sabunta adireshinka a wurin hukumar, don takardar gargaɗi tsohon gidanka za ta tafi.

Wasu na cewa ai suna da koren fasfon Najeriya ko na Nijar. Doka ta ce ɗan ƙasar Amurka da fasfon Amurka zai fita, da shi zai shigo. Idan naka ya ƙare kana Abuja ko Yamai, ofishin jakadanci zai iya ba ka na ɗan lokaci wanda zai mayar da kai Amurka kai tsaye, ba wanda za ka wuce Umara da shi ba. Wanda fasfonsa bai ƙare ba ma kada ya saki jiki, doka ta ba da ikon soke fasfon.

Mai katin zama na dindindin wannan tsarin bai taɓa fasfonsa na gida ba, amma ƙin ciyar da 'ya'ya da gangan na iya hana shi zama ɗan ƙasa ranar da ya nema.