Yadda ake dashen fata a ɓeran gwaji ba tare da dashen ya mutu tun kafin garkuwa ta taɓa shi ba

Ɗalibai da yawa sun sha kawo mini ɓera a rana ta biyar da baƙin tabo a bayansa, suna murna wai jiki ya ƙi dashen. Jiki bai ƙi komai ba. Fatar ba ta kama ba ne tun farko, hannunsu ne ya kashe ta. A ɓeran da bai taɓa haɗuwa da fatar wani ba, garkuwar jiki takan ɗauki kamar kwana 8 zuwa 12 kafin ta hallaka dashen, ko da zuriyarsu ta yi nisa da juna. Abin da ya bushe kafin nan, ka fara tuhumar aikinka.

Hanyar ta daɗe. Masana kimiyya Rupert Billingham da Peter Medawar ne suka bayyana ta a Ingila a 1951, kuma da ita aka yi aikin 1953 da ya nuna ana iya sa jiki ya jure fatar wani, aikin da ya kai Medawar ga kyautar Nobel a 1960. Ba ta buƙatar madubin tiyata mai tsada kamar dashen zuciya, shi ya sa nake fara koyarwa da ita.

Na ɗauka ka samu izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike kan dabbobi, kuma ka iya riƙe ɓera. Sai zaɓen dabba. Nemi tsantsar jinsi biyu, wato zuriyar ɓeraye da aka daɗe ana haɗa 'yan'uwa har gadonsu ya zama iri ɗaya: BALB/c, farin, shi zai ba da fata, C57BL/6, baƙin, shi zai karɓa. Shekarunsu mako 8 zuwa 12. Fararen ɓerayen da suka fi yawa a gidajen dabbobin jami'o'inmu gauraye ne, kowanne da gadonsa, don haka sun dace da koyon hannu kawai. Na san tsantsar jinsi da tsada da wahalar samu, amma sakamakon gauraye ba ya fassaruwa. Ni mata nake amfani da su, domin maza faɗa suke yi su yage bandeji. Kuma kada ka ɗora fatar namiji a kan mace ko da zuriyarsu ɗaya ce, C57BL/6 mace takan ƙi ta a hankali.

Fatar wutsiya na fi so. Bayan an kashe mai bayarwa ta hanyar da kwamiti ya amince, ka tsaga wutsiyar a tsaye, ka zare fatar, ka yanka ta kamar santimita ɗaya ɗaya, ka ajiye a ƙyalle mai jiƙe da ruwan gishiri na asibiti mai sanyi. Kada ta bushe ko na minti ɗaya.

Mai karɓa a sa shi barci da isoflurane, in babu injinsa a yi da ketamine da xylazine bisa nauyinsa. A ba shi maganin zafi kamar buprenorphine kafin a yanka, a shafa masa man ido, a kwantar da shi a kan abu mai ɗumi. Ɗan ɓera mai giram 20 sanyi ke kashe shi da sauri. Ka matsa yatsan ƙafarsa, in bai motsa ba sai ka aske gefen baya ka goge da aidin.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: shimfiɗar da za a ɗora fatar. A ƙarƙashin fatar ɓera akwai wani siririn nama mai sheƙi, da ƙananan jijiyoyin jini a cikinsa. Daga cikinsa ne dashen zai tsotsi ruwa a kwanakin farko, daga cikinsa kuma sababbin jijiyoyi za su shiga. Sabon hannu yakan ɗaga fatar da hantsaki ya datse da almakashi gaba ɗaya, ya kwashe har da wannan naman. Sai ka ga rami mai zurfi, fatar gefe tana zamewa a kan tsoka. Ni kaina haka na yi asarar rukunina na farko, kuma ya dame ni ƙwarai, domin dabbobi ne suka sha wahala a banza. Ka ɗaga fatar kaɗan kawai, ka kwantar da lanƙwasasshen almakashi, ka riƙa cira ɗan kaɗan kaɗan har sai ka ga jijiyoyin a kwance ba su yanke ba. In jini ya taru, danna da ƙyalle har ya tsaya, domin gudan jini yana raba dashe da shimfiɗarsa. Ramin ya ɗan fi dashen faɗi, kamar milimita ɗaya. In dashen ya hau kan fatar gefe, bakinsa zai mutu.

Kwantar da shi ba lanƙwasa, gashinsa ya kalli akasin na ɓeran don ka gane shi daga baya. Ɗinki huɗu a kusurwoyi sun isa. Ɗora ƙyalle mai basilin, sannan ka naɗe da filasta. Tsaya ka kalli numfashinsa: in ƙirji ba ya tashi sosai, to ya matse da yawa, kwance ka sake. In ya yi sako-sako kuma, da ƙafar baya zai cire shi cikin dare.

Dole ka haɗa da rukunin da aka dasa wa fatar ɓeran da zuriyarsu ɗaya. In tasu ta mutu, kada ka rubuta komai game da garkuwa.

Cire bandeji a rana ta bakwai, cikin ɗan barci. Dashen da ya riga ya mutu ranar, fitar da shi daga lissafi ka rubuta dalili. Sauran ka duba kullum, ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe, kuma ka tsayar tun kafin farawa cewa ranar ƙi ita ce ranar da kashi 80 cikin 100 na dashen ya zama ɓawo. Wanda ke dubawa kada ya san rukunin kowane keji.