Shawara ga masu son zagayen tabkin Tabalak da belo

Salamu alaikum 'yan uwa, ga masu shirin tahiya Tabalak ƙarshen sati. Daga Tawa wajen kilo 50 ne kan hanyar Agadas, ku ɗora belo bisa mota har can, ƙarhinku ku aje shi ma bakin tabki don rairayin wurin yana cin ƙahwa sosai.

Abin da ya hi damuna ƙaya ce wallahi. Wancan karon taya ukku suka pashe mana tun ba mu yi nisa ba, ƙayar aduwa ba ta da tausai, shi ya sa kowa ya riƙo faci da gam da pompi nashi, kada a ce ai wane ya ɗauko. Ku ɗan rage iskar taya in kun shiga rairayi, amma kada ku matsa bakin ruwa sosai, laka na riƙe taya.

Ku tashi bayan asuba, kowa da bidon biyu, kada a sha ruwan tabki. In kun kai garake ku sauka ku tura, ku gaida masu albasa, kada a taka masu shuka don Allah. Na baya kuma a jira shi.