Darasi Na Shida: Renon Yaro Mai Juriya da Tsare Shi Daga Haɗurran Cikin Gida

Iyaye da yawa suna ganin cewa yaro ba zai yi ƙwari ba sai an bar shi ya sha kowace irin wuya, har wasu sukan kafa hujja da karin maganar da ke cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Karin maganar ta faɗi gaskiya game da halin yaro, amma ba ta ba mu izinin zuba ido har ya taka ɗin ba. Wahala iri biyu ce. Akwai wadda yaro ke fitowa daga cikinta da ƙarin ƙarfi, kamar faɗuwa yayin koyon tafiya, ko jiran abin da yake so, ko shan kaye a wasa. Akwai kuma wadda ba ta koyar da komai, sai dai ta bar masa tabo ko ta tafi da ransa, kamar guba da hayaƙi da ƙuna da nutsewa a ruwa. Aikin uwa da uba shi ne su kawar da ta biyun gaba ɗaya, sa'annan su tsaya kusa da yaron yayin da yake fama da ta farkon.

Abin da babba zai shaƙa ko ya haɗiye ya kwana lafiya yana iya kwantar da yaro, kuma akwai dalilai. Idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, iskar da yaro ke shaƙa da ruwan da yake sha da abincin da yake ci sun fi na babba yawa. Fatarsa ba ta kai ta babba kauri ba, hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, yana rarrafe a ƙasa inda ƙura ke taruwa, kuma duk abin da hannunsa ya ɗauka baki yake nufa da shi. Fiye da wannan duka, ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa ne: a shekarun farko na rayuwa, sababbin mahaɗan jijiyoyi sama da miliyan ɗaya ke ƙulluwa a cikinta a kowace daƙiƙa, don haka ɓarnar da ta same ta a wannan lokaci takan bi mutum har tsufansa.

Hayaƙi

Hayaƙin girki shi ne haɗarin da aka fi rainawa, saboda an saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma sama da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Hayaƙin itace da gawayi da kananzir yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi waɗanda ido ba ya gani, suna shiga can cikin huhu su raunana shi, sai ciwon nimoniya ya sami hanya. Jaririn da ke goye a bayan mai girki yana shaƙar abin da take shaƙa, alhali huhunsa bai kai nata ƙarfi ba.

Ba kowane gida ke da halin sauya murhu a yau ba, amma kowane gida yana da abin da zai iya yi. A yi girki a waje ko a wurin da iska ke shiga tana fita, a yi amfani da busasshen itace domin ɗanye ya fi hayaƙi, kuma a miƙa jariri ga wani ya riƙe shi nesa da murhu har wutar ta kama sosai. Mai shan taba kuwa ya fita daga gidan gaba ɗaya, domin buɗe taga ba ya wadatarwa.

Akwai wata iska da ta fi hayaƙi saurin kisa, wato kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Tana fitowa daga janareta da kuma garwashin gawayi, kuma idan ta taru a rufaffen ɗaki takan hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, har mutanen ɗakin su wuce cikin barci ba tare da kowa ya farka ba. Kada a kunna janareta a cikin gida ko a bakin taga, kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki komai tsananin sanyi. Idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a nemi asibiti.

Ya kamata kowace uwa da kowane uba su iya ƙirga numfashin yaro mai tari. A jira ya natsu, a kalli ƙirjinsa na tsawon minti ɗaya cif. Idan ɗan wata biyu zuwa wata 11 ya ja numfashi sau 50 ko fiye, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ya ja sau 40 ko fiye, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya shaƙi iska, to a kai shi asibiti a ranar.

Gubar da ba ta da alama, da wadda ke cikin kwalba

Dalma ba ta sa yaro kuka da wuri, shi ya sa take daɗewa tana ɓarna. A shekarar 2020 Asusun Tallafa wa Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya bayyana cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har kimanin miliyan 800, yana da dalma a jininsa a matakin da ke buƙatar a ɗauki mataki. Babu wani adadinta da likitoci suka tabbatar ba ya cutarwa, kuma jikin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa, musamman idan yaron yana da ƙarancin jini. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, ta sa wahalar koyon karatu, kuma abin da ta lalata ba ya komawa yadda yake. An daina sayar da man fetur mai dalma ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021, amma har yanzu tana nan a tsohon fenti mai ɓarewa, da tsofaffin batiran mota da ake fasawa, da ƙurar duwatsun ma'adinai, da wasu nau'o'in kwalli. Duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da waɗannan abubuwa kada ya yi aikin a cikin gida, kuma ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar da ke tayar da ƙura.

Kananzir da maganin ƙwari da maganin ɓera da ƙwayoyin magani su ne gubar da ke jiran yaro a inda hannunsa ke kaiwa. Babban ganganci shi ne zuba kananzir a kwalbar ruwa ko ta lemo, domin yaro mai ƙishirwa kwalbar yake gani, ba ya tambayar abin da ke ciki. A bar kowane abu a mazubinsa na asali, a ajiye shi sama, a kulle. Idan kuma ƙaddara ta faɗa yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai ko kaɗan, saboda yayin aman ne kananzir ke zarcewa cikin huhu, kuma can ne ainihin haɗarin yake. A ɗauki yaron tare da mazubin abin da ya sha a tafi asibiti. Haka nan ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo: idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa biyu, ko da yaron yana wasa kamar babu abin da ya faru.

Ruwa da wuta

Kimanin mutane 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu ba su kai shekara biyar ba. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa, domin kan ƙaramin yaro ya yi wa jikinsa nauyi, idan ya kifa cikin bokiti ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya samun damar yin ihu. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a zubar da ruwan wanki da zarar an gama, kuma kada a bar jariri a cikin ruwan wanka a hannun wani ƙaramin yaro.

Yawancin ƙunar ƙananan yara daga tafasasshen ruwa take zuwa. Idan ta faru, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara, sa'annan a rufe da tsaftataccen ƙyalle. Kada a shafa mai, ko man goge baki, ko toka, kuma kada a fasa ƙurajen da suka yi ruwa. Ƙunar da ta kama fuska ko hannu ko al'aura, ko ta fi tafin hannun yaron faɗi, aikin asibiti ce.

Sauran garkuwar jiki sanannu ne: nonon uwa zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye, kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya, a kammala alluran rigakafi, a wanke hannu da sabulu bayan bahaya da kafin taɓa abinci. Idan gudawa ta zo, a ba da ruwan gishiri da sukari na cikin leda kamar yadda aka rubuta a jikinta, tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14.

Daga ina juriya take fitowa?

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu sun taso ne cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye, amma duk da haka kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun zama manya masu natsuwa da riƙon amana. Abin da ya yi ta bayyana a rayuwarsu shi ne kowannensu ya sami aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe shi da gaske, ko uwa, ko kaka, ko yaya, ko malami. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga duk mai reno cikin ƙaramin ƙarfi, domin abin da ya ceci yaran nan ba kuɗi ke sayen sa ba.

Wani binciken da aka yi kan manya sama da 17,000 a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa na farko a 1998, ya nuna ɗaya ɓangaren: gwargwadon yawan duka da zagi da sakaci da tashin hankalin da mutum ya gani yana yaro, gwargwadon haɗarin da yake ciki na kamuwa da ciwon zuciya da ciwon damuwa da shaye-shaye idan ya girma. Ashe tsoron da ba ya yankewa shi ma haɗari ne na cikin gida, kuma ya cancanci a lissafa shi tare da hayaƙi da dalma. Iyayen da ke faɗa a gaban yaro suna ɗauka bai fahimta ba, alhali jikinsa yana ɗaukar komai. Jariri kuwa kada a taɓa girgiza shi da ƙarfi don ya yi shiru, saboda hakan yana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Wanda kuka ya kai shi maƙura ya kwantar da jaririn a kan bayansa a wuri mai aminci, ya fita ya sha iska, ko ya kira wani ya karɓe shi.

A aikace, gina juriya yana farawa ne daga amsawa. Idan jariri ya yi gwaranci a amsa masa, idan ya nuna abu a faɗa masa sunansa, idan ya yi kuka a ɗauke shi, domin ta haka yake koyon cewa akwai wanda zai dogara da shi. Idan ya tasa, a bar shi ya gwada sa takalminsa da kansa ko da zai ɓata lokaci, a ba shi ƙaramin aiki daidai ƙarfinsa, a yaba ƙoƙarinsa ko da aikin bai yi kyau ba. Idan ya faɗi ya ji ciwo kada a ce masa bai ji komai ba. A ce masa an ga ya ji zafi, a rarrashe shi, sa'annan a bar shi ya koma wasansa. A tsayar masa da lokacin barci da na abinci, kuma dokar da aka kafa jiya ta kasance ita ce ta yau, domin yaron da ya san abin da ke tafe ya fi samun sukunin fuskantar sabon abu.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya durƙusa a tsakiyar ɗakinsa har idonsa ya zo daidai tsayin ɗan shekara biyu, ya duba ko'ina, ya rubuta abubuwa biyar masu haɗari da hannun yaro zai iya kaiwa gare su, ya kuma rubuta inda ya mayar da kowanne. A ƙasan takardar ya rubuta sunan asibiti mafi kusa da shi, da sunan babban mutum ɗaya, ban da shi kansa, wanda ɗansa zai iya gudu wurinsa idan ya tsorata.