Darasi na Tara: Karanta Takardun Kuɗin Gashi da Koyon Tafiya

Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko karayar cinya ba ya gama jinya a ranar da aka sallame shi daga asibiti, domin ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba sai an sake koya mata tafiya. Wannan aikin sashen gashi ne, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato, inda ake motsa gaɓoɓin majinyaci, a tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, daga baya a koya masa dogara sanda. Da yake ana yin makonni ko watanni ana zuwa, takardu sukan taru a hannun mai jinya, kuma rashin fahimtarsu kan jawo a biya kuɗin abu ɗaya sau biyu, ko a daina zuwa tun ƙafa ba ta yi ƙwari ba.

A wasu takardun za ku ga harafin boko haɗe da lambobi. Wannan ba kuɗi ba ne, sunan ciwo ne a taƙaice, bisa jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara mai suna ICD-10. Lambar G81 tana nufin shanyewar ɓarin jiki, S72 karayar ƙashin cinya, R26 matsalar tafiya, B91 kuwa nakasar da shan inna ya bari. Amfaninta shi ne likita da akawun kuɗi da kamfanin inshora su fahimci abu ɗaya, don haka idan lambar ba ta dace da aikin da aka yi ba, kamfanin yana iya ƙin biya. A Amurka aikin ma yana da tasa lambar, wato 97116 ta koyon tafiya, wadda ake lissafawa da minti 15-15. A wajenmu an fi yanka kuɗi a kan kowane zuwa, saboda haka ranakun zuwa su ne abin da ya kamata ku fi sa wa ido.

Mai inshorar lafiya, ko ta hukumar tarayya NHIA wadda dokar 2022 ta kafa, ko ta hukumar jiha SOCHEMA, sai ya fara neman takardar da za a tura shi sashen gashi da ita daga asibitin da ya yi rajista. A tsarin tarayya akan kuma nemi lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorar, wanda ake kira HMO, kuma a nan ne aka fi samun tangarɗa, domin wanda ya fara gashi kafin lambar ta fito yana iya biya daga aljihunsa. Babu kunya a tambayi akawu cikin ladabi: "Malam, don Allah lambar amincewar Baba ta fito? Zuwa nawa aka amince da shi?" Amsar da ya bayar a rubuta ta nan take, kada a dogara da tunawa.

Duk lokacin da kuka biya kuɗi, ku biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti, ku karɓi rasit, kuma kafin ku bar wurin ku duba ko sunan majinyaci da lambar katinsa da kwanan wata daidai suke. Kuɗin sanda ko keken guragu sau da yawa daban yake da kuɗin gashi, don haka a tambaya tun farko.

Aikin gida: ku samu ƙaramin littafi, ku ja layi uku a shafin farko, na kwanan wata, da na aikin da aka yi, da na kuɗin da aka biya. Ku cike su daga wani tsohon rasit na asibiti, ku kawo aji mu karanta tare.