Kafin ka ɓalle tsofaffin tagogin gidanka: inda aka fi tafka kuskure

Shekara uku ke nan da na cire tagogin luba (masu falle-fallen gilashi a jere da ake karkatawa) na gidanmu a Tudun Wada, na sa na alminiyam masu jan gefe, waɗanda ake kira silaidin. Gida ya yi kyau, maƙwabta suka yi ta sa albarka. Da watan Maris ya kama, zafin Zariya ya doshi digiri 40, aka ɗauke wuta cikin dare, sai uwargida ta ɗauki tabarma ta yi tsakar gida tana cewa, "Malam, wannan ɗaki naka ai ya zama tanda." Gaskiyarta. Luba idan ka buɗe ta kusan duk faɗin tagar iska ke bi. Silaidin kuwa ko ka ja ta har ƙarshe rabi kawai take buɗewa, don gilashi ɗaya yana komawa bayan ɗan'uwansa ne. Da kuɗina na rage wa ɗakin rabin iskarsa.

Wannan shi ne babban kuskuren: mutum ya ga taga a wani sabon gida a GRA ko Samaru ta burge shi, ya ce irinta yake so, bai tambayi kansa inda tasa tagar take fuskanta ba. Alhali a garin nan kowace kusurwa da abin da take fama da shi. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tun daga Nuwamba har Fabrairu. Hadarin farkon damina, mai iskar da ke yaye kwano, galibi ta gabas yake tasowa. Bangon yamma kuma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin har bayan isha'i. Don haka ba dole ba ne duk tagogin gida su zama iri ɗaya. Gabas da arewa suna son taga mai rufuwa ruf, kamar kesmen, wadda ke buɗewa irin na ƙofa, ta matse roba idan an kulle. Kicin da banɗaki kuwa luba ta ishe su, kuma ta fi arha. Ɗakin kwana in dai silaidin kake so, to a faɗaɗa tagar, ko a samu wata a bangon da ke fuskantarta don iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sai maganar awo. Da yawa sukan kira mai alminiyam a waya su ce, "Huɗu da huɗu ce, guda shida." Ranar da aka kawo sai a tarar wata ta yi ɗamas, wata kuma yatsa biyu na shiga ta gefenta. Tsohon gini ba ya nan daidai kamar yadda ido ke gani. A cire tsohon firam tukuna in zai yiwu, a sa tef a sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, haka ma tsawo. Kuma wanda zai ƙera shi ne zai zo ya auna da hannunsa, don in ta ƙi zama ba shi da bakin cewa kai ka ba shi lamba.

Masu ginin ƙasa a cikin Birni, su Kwarbai da kewayen Babban Gwani, nasu ya ɗan bambanta. Magina na da ba don rashin sani suka bar tagogi ƙanana can sama ba: kaurin bango ke riƙe sanyi, ƙaramar taga kuma tana tsare sirrin cikin gida daga masu wucewa a lungu. Wanda ya fasa irin wannan bango ya zura ƙatuwar taga ba tare da an ɗora linta, wato dogarin da ke ɗaukar nauyin bango, a samanta ba, damina ɗaya ko biyu zai ga tsaga ta taso daga kusurwa. A nemo maginin da ya san ƙasa kafin a ɗaga diga.

Gilashi ma akwai rufa-rufa a cikinsa. Idan ba ka faɗi kauri ba, siriri mai milimita 3 za a iya sa maka, wanda ƙwallon yara ko bugun iska ke tarwatsawa. Ka ce 5 kake so a manyan tagogi, a rubuta a takardar ciniki. Sannan ga gilashin nan mai kamar madubi da ake rububinsa don wai na waje ba ya ganin na ciki. Da rana haka ne. Da dare kuwa, da zarar ka kunna fitila abin ya juya: na waje yana kallon iyalinka tar, kai kuma fuskarka kawai kake gani. Labule dai bai da madadi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarfen tsaro. Muna walde kowace taga kamar kurkuku saboda ɓarayi, mu manta da gobara, alhali lokacin sanyi ne ake kai garwashi ɗaki, ake jona hita a bar ta. Idan wuta ta tare ƙofa, ta ina za a fita? A ce wa mai walda ya yi wa aƙalla taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ƙarfe mai buɗewa ta ciki, a rataye makullin kusa, inda babban yaro ma ya sani. A kuma tabbatar ya shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, in ba haka ba daminar farko za ta zubo da jan layi a bango. Ragar sauro kuma a sa mai ciruwa, don wadda aka danne tsakanin ƙarfe da gilashi ba ta wankuwa, ƙura ta toshe ta, iskar da ake nema ta tsaya a waje.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: a ƙasan firam ɗin silaidin akwai 'yan ramuka da aka huda don ruwan da ya taru a layin ya tsiyaye waje. Birkila ya zo gyaran filasta, ya ga rami, ya cike shi da siminti yana ganin ya kyauta. Ni haka aka yi mini, sai da fentin ƙasan tagar falo ya kumbura yana ɓarewa na gano. Ka tsaya a kansu ranar aikin. Dakalin tagar ya ɗan gangara waje, a bi gefen firam da silikon, a duba burushin da ke tsakanin gilasan biyu yana nan, don shi ke tare ƙura.

Batun kuɗi kuwa, kafin alƙalami ya isa sayen kaya, amma kada ka biya duka. Da aka zo gyara tawa, mai aikin ya ce, "Alhaji, an gama, sai cikon." Na ce, "To Oga, bari mu gani." Na sa yaro ya cika bokiti ya watsa wa kowace taga daga waje, ni ina ciki da tocila. Biyu daga cikin shida suka zubo ta kusurwa, ya koma ya ɗauko silikon ɗinsa, sannan na ƙirga masa sauran.