Yadda ake koyon poka marar iyaka a fada, ba da kuɗi ba

A nemi kartar da ta cika 52, don ta belot ɗin da aka saba bugawa a fadojin unguwannin Birni da Zango na Damagaram 32 ce, ba za ta yi ba. Kuɗi kuma a bar su a aljihu, in sun shigo an koma caca. Kowa ya ɗebi wake 50 da marafan kwalba 15, marfi ɗaya a matsayin wake 10. Mutum biyar ko shida sun fi daɗi.

Kafin rabo, wanda ke hagun mai rabo zai aza wake 1, na kusa da shi ya aza 2. Sai a ba kowa karta biyu a kife. Duk wanda layi ya zo kansa, ko ya zubar da kartarsa ya fita daga rabon, ko ya biya daidai da zubi mafi yawa da aka yi kafin shi, ko ya ƙara. Daga nan a buɗe karta uku a tsakiya, sai ɗaya, sai ta ƙarshe, ana zagayen zubi bayan kowace buɗewa. Rashin iyakar shi ne kana iya tura duk waken gabanka a kowane zagaye.

Da karta biyar ake ci, daga cikin bakwai ɗin nan, wato biyun hannunka da biyar na tsakiya da kowa ke amfani da su. Daga ƙasa zuwa sama: babbar karta, biyu masu lamba ɗaya, biyu-biyu, uku, jeri (lambobi biyar a jere), biyar masu zane ɗaya, uku da biyu, huɗu, sai jeri mai zane ɗaya.

Abin da ke cinye sabon hannu shi ne kwaɗayin shiga kowane rabo. Yawancin karta biyun farko na zubarwa ne. As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Mai rabo shi ke magana ƙarshe bayan an buɗe karta, ya riga ya ga abin da kowa ya yi, saboda haka a kujerar nan ake sakin jiki.

Lissafi ɗaya ya zama dole. A ce wake 100 ne a tsakiya, abokin wasa ya zuba 50, kai kana da huɗu masu zane ɗaya, saura karta ɗaya a buɗe. Za ka biya 50 don neman 150, wato sai ka ci sau ɗaya cikin huɗu kafin ka maida uwa. Kartar da za ta cika maka tara ce cikin 46, bai ma kai ɗaya cikin biyar ba. Zubar, ko da 'yan fada za su yi maka dariya.