Kurakuran da aka fi yi a gudun gwaji na tseren birakit, da yadda ake sa mota ta riƙe lokacinta

A tseren birakit, wanda ya fi yaɗuwa a filayen Amurka da Kanada ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su NHRA da IHRA, ba mota mafi gudu ce ke cin nasara ba. Motoci biyu ne ke tashi daga tsaye a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kwatan mil, wato ƙafa 1,320, ko rabin haka, ƙafa 660. Kafin a tashi, kowane direba yana rubuta a gilashin motarsa lokacin da yake ganin za ta ɗauka kafin ta kai ƙarshe. Wannan shi ne lokacin alkawari. Idan ɗaya ya rubuta sakan 12.50 ɗayan ya rubuta 10.00, za a saki na farko da tazarar sakan biyu da rabi. Wanda ya riga isa shi ya ci, amma da sharaɗi: idan motarka ta yi sauri fiye da abin da ka rubuta, ka karya alkawari, ka fita. Don haka duk aikin direba shi ne ya san abin da motarsa za ta yi kafin ta yi shi. Inda ake samun wannan sanin kuwa shi ne gudun gwaji biyu ko uku da ake bayarwa kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin ɓarna.

Babban kuskure shi ne ɗaukar gudun gwaji a matsayin damar neman ƙarin gudu. Mutum ya yi 12.50 a karon farko, sai ya koma rumfarsa ya rage iskar taya, ya taɓa kafireto, ya fitar da kujerar baya, ya dawo ya yi 12.38 yana murna. To yanzu me zai rubuta a gilashi? Yana da gudu biyu na motoci biyu daban, babu ɗayan da aka maimaita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Filaye da dama suna ware wasu ranaku na gwaji zalla, babu gasa, kuma a can ake taɓa inji, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a yi gudu biyu ko uku a kai kafin a taɓa wani. Ranar gasa kuwa, in ba wani abu ne ya lalace ba, a bar sifana a cikin akwati. Motar da ke yin 14.20 sau biyar a jere ta fi motar da ke yawo tsakanin 11.10 da 11.30 hatsari ga abokin karawa.

Zafi da tazarar lokaci

Wannan ne ya fi cin mutane, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Inji ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya a zafi daban-daban. Ruwan lagireto, baƙin mai, man giya, har da bututun da ke kai iska cikin inji, kowanne yana da tasiri, kuma ba sa hucewa tare. Ruwa yana saurin sauka idan aka kunna fanka da famfon lantarki, amma man giya da baƙin mai suna riƙe zafi na dogon lokaci. Shi ya sa za ka ga geji ya nuna ruwa ya dawo daidai, amma motar ta yi wani lokaci daban.

Mutane na yin kuskuren ta fuska biyu. Wasu suna sauke mota daga tirela su wuce layi kai tsaye, mai yana da kauri, giyabos da dafaran a sandare da sanyi. Gudun farko ya fito a hankali, sai su ɗauke shi a matsayin gaskiya. Gyaran shi ne a ɗumama motar tun da wuri: a tada inji har ruwa da mai su hau, in da hali a ɗaga bayanta a kan matsayai masu ƙarfi a bar tayoyin baya su juya a hankali cikin giya, sannan a kashe a bar zafin ya ratsa ko'ina. Wasu kuma, da zarar sun ga layi babu cunkoso, sai su yi gudu biyu a jere cikin minti goma, su zauna awa biyu suna jiran zagayen farko. Gudu na biyu an yi shi da inji mai tururi, zagayen farko kuma za a yi shi da inji mai sanyi, babu abin da ya haɗa su. A motocin zamani masu kwamfuta abin ya fi tsanani, domin idan iskar da ke shiga ta yi zafi, kwamfutar da kanta take ja da lokacin tartsatsin fulogi baya don kare injin, ƙarfi ya ragu ba tare da direba ya taɓa komai ba.

Abin da ya dace shi ne ka zaɓi zafin ruwa guda ɗaya, misali digiri 75 a ma'aunin Salshiyos, ka ce da shi za ka riƙa tsayawa a layin tashi kowane lokaci. Idan ana kiran motoci aji-aji, bi kiran, amma ka lura da tsawon lokacin da kake ɗauka daga rumfa zuwa layi, ka san a wane zafi ya kamata ka baro rumfar. Idan kuwa an bar kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, raba gudun da tazara mai kama da wadda za a samu tsakanin zagaye, kuma ka ajiye na ƙarshe ya zo kusa da rufe gwaji, don yanayinsa ya yi kama da na zagayen farko. Tsakanin gudu a buɗe bonet. A cikin layin jira kada a bar inji yana ta aiki, a kashe a tura, ko a tada a matsa a sake kashewa.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika shirya masa ba. A zagayen farko motoci suna da yawa, ana iya jiran awa guda ko fiye. Idan aka kai kusa da ƙarshe, saura motoci huɗu ko biyu, ana iya kiranka ka dawo bayan 'yan mintoci. Direban da bai taɓa ganin abin da motarsa ke yi da zafi ba zai yi ta lalube a daidai lokacin da kuɗi ke kan tebur. Wannan ma aikin ranar gwaji zalla ne: ka yi gudu biyu da gangan a kusa da juna, ka rubuta bambancin, ka ajiye.

Tsayuwa a layi

A bakin layi akwai hasken na'ura guda biyu da ke ratsa hanya, tazararsu kamar inci 7. Tayar gaba ta taɓa na farko, fitilar sama a kan sandar fitilun da ke gaban direbobi ta kama. Ta taɓa na biyu, fitila ta biyu ta kama, ka shirya ke nan. Agogon gudu ba ya farawa sai tayar ta bar haske na biyu. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya tsaya da zarar fitila ta biyu ta ƙyafta yana da ɗan fili na gangarawa kafin agogo ya fara, lokacinsa zai fi sauri amma zaburarsa, wato lokacin da ke tsakanin kamawar koren fitilar tashi da barin tayar hasken, za ta nuna jinkiri. Wanda ya shige ciki da inci biyu ko uku zai ga akasin haka. Inci kaɗan na iya sauya sakamako da kashi biyu ko uku cikin ɗari na sakan, kuma da ƙasa da wannan ake cin mutum. A shiga a hankali, ana ɗan sassauta birki kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar fitilar ta kama. Wannan ne wurin da ya fi sauƙin maimaitawa. Iskar tayar gaba ma tana cikin lissafin, domin ita ke sauya faɗin abin da ke tare hasken, amma mutane da yawa tayoyin baya kawai suke aunawa.

Haka juyin inji a lokacin tashi. In a juyi 2,000 a minti kake riƙe shi da birki, to 2,000 kullum. Canjin giya ma a wuri ɗaya. Mai giyar otomatik da bai da fitilar da ke nuna lokacin canji, gara ya bar motar ta canza da kanta, ta fi hannunsa daidaito. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, kuma in motar tana da na'urar hana taya zamewa, a sa ta a matsayi guda kowane gudu.

A gudun gwaji ne kuma ake koyon fitilu. A tsarin da aka fi amfani da shi a birakit, fitilu uku masu ruwan ɗorawa suna kamawa ɗaya bayan ɗaya da tazarar rabin sakan, sannan kore. Wanda ya jira kore ya makara, yawanci ana tashi ne da kamawar ta uku. Wasu suna yin sakaci da wannan a gwaji, suna cewa ai zabura ba ta shafar lokacin gudu. Gaskiya ne ba ta shafa, amma ita ce rabin gasar. Mai alkawarin 12.50 da ya yi 12.52 da zaburar .030 ya yi asarar .050 gaba ɗaya. Mai 10.00 da ya yi 10.01 da zaburar .060 ya yi asarar .070. Na farko ya ci, duk da na biyu ya fi shi kusa da alkawarinsa.

Taya, mai, batir

A auna iskar taya da geji guda, mai nuna ƙananan lambobi, kuma a lokaci guda, wato dab da shiga layin jira. Tayar da ke ɓangaren rana takan fi ɗayar hawa, don haka a rufe ta. Ɗumama taya a ramin ruwa, wato wurin da ake jiƙa tayoyin baya a juya su kafin layin tashi, ya zama tsawonsa ɗaya kowane karo, a ƙirga sakan. Mai tayar titi ta yau da kullum ya kewaye ruwan gaba ɗaya, domin zanen tayar yana kwasar ruwa ya ɗiga a layin tashi, ya cuci kansa ya cuci na bayansa. Kuma kada a kwafi awon iskar maƙwabci don an ga yana ci, nauyin motarsa da irin tayarsa daban ne.

Nauyi kuwa, ƙiyasin da masu tsere suka saba da shi shi ne kilo 45 yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan a kwatan mil. Litar fetur ta kusa kashi uku cikin huɗu na kilo, ke nan bambancin lita 15 a tanki ya kai kilo 11, kusan .02 a agogo. A riƙa cike tanki zuwa alama ɗaya bayan kowane gudu ko biyu. Motar da aka cire wa na'urar cajin batir a sa mata caja tsakanin zagaye, domin raunin batir yana rage ƙarfin tartsatsi da na famfon mai.

Karanta takardar sakamako

Wannan 'yar takarda da ake miƙo maka a hanyar dawowa tana ɗauke da lokacinka a ƙafa 60, 330, 660, 1,000 da kuma ƙarshe. Da yawa lambar ƙarshe kawai suke dubawa su cusa takardar a aljihu. Alhali ita ce ke faɗa maka inda matsala take. Idan ƙafa 60 ce ta sauya, dubi taya, tsayuwa, juyin tashi ko kamun hanya. Idan ƙafa 60 tana nan amma tazarar ta riƙa ƙaruwa a hankali har ƙarshe, yanayin iskar da inji ke shaƙa ne ko zafin inji. Idan komai daidai ne har rabin hanya sannan ya sauya, yawanci iska mai kaɗawa ce ta gaba ko ta baya, ko canjin giya na ƙarshe.

Kada ka ɗaga ƙafa daga totur kafin layin ƙarshe a gudun gwaji, sai dai in akwai hatsari. Cikakken gudu ne zai ba ka tazarar da ke tsakanin ƙafa 1,000 da ƙarshe, kuma wannan lambar za ka buƙace ta. A ce a gwaji ka yi 10.42 da 12.48, sannan 10.44 da 12.50, tazarar 2.06 ce duka biyun. A zagayen farko ka taka birki don gudun karya alkawari, takarda ta nuna 10.46 da 12.61. Ba 12.61 ce gaskiyar motar ba. Haɗa 10.46 da 2.06, ka samu 12.52, da ita za ka yi lissafin zagaye na gaba.

In an ba da dama, yi gudu ɗaya a layin dama ɗaya a na hagu. Layukan ba sa zama daidai, kuma ba kullum za ka samu zaɓi ba.

Sai yanayi, wanda ba ya jiran kowa. Iska mai zafi, mai laima, ko mai ƙarancin matsi tana ɗauke da ƙarancin iskar oksijin, inji ya rage ƙarfi. Gwaji da tsakar rana, gasa da yamma: iska ta yi sanyi, mota ta ƙara sauri, mutum ya bar lambar rana a gilashi, ya karya alkawari yana mamaki. Ƙaramar na'urar auna yanayi ta hannu ta isa, muddin ana auna ta a inuwa, nesa da hayaƙin salansa, a wuri ɗaya, dab da kowane gudu. A littafi guda a rubuta lokaci, zafin iska, laima, matsi, inda iska ke kaɗawa, zafin ruwa, iskar taya, layin da aka bi, da mintocin da suka wuce tun gudun baya, a manna takardar sakamako a gefe. Bayan gudu ashirin ko talatin za ka fara ganin nawa motarka ke sauyawa idan zafi ya sauka da digiri biyar, kuma lambar taka ce, ba ta wata motar ba. Idan dare ya yi nisa kuma, a sa ido a kan ƙafa 60 na motocin da suka riga ka tashi, domin raɓa na iya sauka a kan hanya ta rage kamun taya a daidai lokacin da sanyin iska ke ƙara wa inji ƙarfi.